Ƙaho Ba Zai Hau Bayansa Ba

Talata, bayan la'asar

Bismillahi. Ya kama? Madam Zakiyya ta ce in na ga jan nan yana ƙyaftawa, to ya kama.

To. Ni ce Batulu, matar Illa wanzam, nan Matameye bayan tasha. Allah ya yafe mini na kama sunansa, don dokta ya gane ne. Daga yanzu Baban Bushra zan ce. Madam Zakiyya ta likita, wato asibitinmu, ita ce ta ce in riƙa rubuta duk sanda ciwon ƙirjin ya taso masa, da abin da yake yi ya taso. Na ce Madam, ni ko ƙofar lakwal, makarantar boko, ban taɓa leƙawa ba. Ta karɓi salulata, wayar hannu, ta nuna mini inda zan danna, ta ce faɗa da baki, a kunna wa dokta. Saboda haka dokta, in kai ne ke ji, ina wuni. Ka yi haƙuri da kukan yarinya, haƙori take.

Ranar kasuwa ya fara. Yana cikin yi wa mutum aski, ya ce kamar an ɗora masa turmi a ƙirji. Ya sauka hannun hagu, ya hau muƙamuƙi, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. Babansa, Baba Shekara, shi ne Sarkin Aska, ya sa aka kawo shi gida a amalanke. Ya ce mataccen jini ne. Ya kafa masa ƙaho a baya, ya kafa a ƙirji wajen hagu inda ke ciwon. Jini ya fita baƙi, Baba ya nuna wa kowa.

Bai daina ba. Ko rijiya ya taka sai ya tsaya ya dafa bango. Yau na ce masa ranar allurar Bushra ce, ya raka ni. Ba ranar ba ce. Madam ta manna masa wayoyi, takarda ta fito da zane-zane, ta duba ta daɗe tana dubawa, ta ce Damagaram, kar ku wuce jibi.

Irin na Yaya Hashimu ne, wan Baban Bushra, Allah ya jiƙansa.

A'a, ban ce ba. Yadda ake gogewa ne ban sani ba.

Alhamis, gab da magariba

Mun dawo. Ƙafata ta kumbura don zaman mota, amma bari in faɗa tun ban manta ba.

Dokta Mustafa sunansa, dogo, Hausarsa duk Faransanci a ciki, in ya ga na yi zuru sai ya sake faɗa. Sun ɗebi jini da safe, muka zauna ƙarƙashin bishiyar bedi har azahar. Ya ce analis guda, wato awon jinin, ya nuna zuciyar ta sha wahala amma ba ta kai ga mugun abu ba. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi har wata mata ta juyo. Sai ya ce akwai na biyu, shi kuma yana nuna in wani wuri a jiki ya kumbura yana zafi daga ciki. Na Baban Bushra ya hau. Ya ɗaga hannunsa sama da kansa, ya ce har nan. Amma analis ɗin ba ya faɗin ko ina ne. Yana iya zama jijiyoyin da ke ba zuciya jini, yana iya zama wani wuri dabam. Ya ce cire riga in ɗauki hoton zuciyar.

Ya cire. Tsagar ƙahon ta yi ruwa, ta ƙirjin har ta fara wari. Ni na sani, ni ke wanke rigar.

Dokta ya duba. Ya ce, "Wa ya yi maka?"

"Babana."

"Wanzami ne?"

"Sarkin Aska ne."

"Allah ya ja da ransa," in ji dokta. "Ka ce masa ina roƙo ya ara mini fatar nan zuwa ranar randebu, ranar da za ku dawo. Gyambon nan kaɗai ya isa ya ɗaga analis. Muddin ana tsaga ka, ba zan san na zuciya da na fata ba. Kuma daidai inda zan ɗora na'urar, nan ne ruwan yake."

Ya ɗan leƙa ta ƙasan haƙarƙari, ya ce bai gani yadda yake so ba, sai ya warke.

Ya rubuta ordonas, takardar magani. Akwai na gyambo, akwai na kitsen jijiya, akwai 'yar mitsitsiya ta ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso. Akwai kuma mai tsinka jini don kar ya daskare a hanya. Ya ce wannan, in aka tsaga shi yana shanta, jinin ba zai tsaya da wuri ba. Ba shi ya kalla ba da ya faɗa. Ni ya kalla. Ya ce, "Madam, ke ce mai gadi."

Ni? Ni da in na ji tarin Baba a zaure sai in shige ɗaki in saki labule?

Juma'a, da hantsi

Na ji su ta katanga. Baban Bushra ya ce wa Baba, "An auna, an ce jinin ya nuna ɓaci."

Shi ke nan fa. Nan ya tsaya.

Baba ya yi dariya har da tafi. Ya ce, "To ai ga shi! Na'urar tasu ma ta yarda da ni. Wancan bai gama fita ba ne. Bari tsagar ta bushe, mu sake, wannan karon har kafaɗa."

Ya ce, "To, Baba."

Da ya shigo na ce ina sauran maganar? Ina aron fata? Ya zauna bakin gado ya ce, "Batulu, so kike in dubi tsohon nan in ce masa abin da ya ciyar da mu da shi tun kakanni shi ke cuta ta? Ni ma fa shi nake yi wa mutane." Na ce ai ba a ce sana'ar ba ta da kyau ba, an ce dai ba yanzu ba. Ya ce, "Je ki faɗa masa." Ya san ba zan iya ba. Tun da aka kawo ni daga Dungu, ban da gaisuwa daga durƙushe ban taɓa haɗa kalma uku da Baba ba.

Dokta, wannan ba naka ba ne. Ka wuce shi.

Asabar, da azahar

Ya ɗauki buhun gero daga zaure zuwa rumbu. Ya taso. Ya sa ta ƙarƙashin harshe, ya zauna, ya lafa. Ya ce kansa ya sara.

Lahadi, da safe

Bai taso ba. Na ƙirga numfashinsa da ya koma barci bayan asuba, har na ɓata ƙirgar.

Litinin, bayan la'asar

Na gwada ta wajen Iya, uwarsa. Na same ta tana tsince yakuwa, na zauna na taya ta, na daɗe ina tayawa kafin bakina ya buɗe. Na faɗa mata duka, da mai tsinka jini da komai.

Ta ce, "'Yar nan, a gidan nan aka cire wa rabin garin nan beli. Ke kanki wa ya yi wa 'yarki askin suna?"

Na ce Baba.

Ta ce, "Ta mutu?"

Na ce a'a.

Ta ci gaba da tsinta. Can sai ta ce, ba ta kalle ni ba, "Kwanansa ne ya ƙare. Kar ki sake ki kawo wannan zancen gaban Sarki." Ni fa ban ambaci Yaya Hashimu ba. Wallahi ban ambata ba. Sai na ga yakuwar mai kyau take zubarwa, tana ajiye karan.

Talata, da yamma

Gyambon baya ya fara bushewa. Ina wankewa da ruwan da Madam ta ba ni, ina sa pansima, bandejin nan. Ina murna yana bushewa, ina tsoron ya bushe. In ya bushe Baba zai zo.

Laraba, da azahar

Bari in ajiye salular a kan turmi.

Ya koma rumfar aski yau, ya ce zama ya ishe shi. Yana wasa aska ta shafe shi a babban yatsa. 'Yar shafa fa, irin wadda ko kallo ba ya yi. Ya danne, bai tsaya ba. Ya ɗaure da tsumma, ya jiƙe. Ya taho gida yana ɗiga, tun daga zaure har bakin randa, kaji suna bi. Na ɗaga hannun sama na matse yadda Madam ta ce, na matse har yatsuna suka mutu, kafin ya yarda ya tsaya.

Na ce a raina to yau Baba ya gani da idonsa, an huta.

Baba ya tsaya a kan ɗigon ya duba ya duba. Ya ce, "Kun gani? Ya yi masa yawa, hanya yake nema da kansa. Jibi da sassafe, kafin rana ta yi zafi."

Yatsa ke nan. Yatsa guda. To baya fa? To kafaɗa?

Alhamis, da hantsi

Na yi tunanin in ɓoye zabirar Baba. Sai na tuna kowane ɗaki a gidan nan da ƙaho a rataye.

Alhamis, bayan la'asar

Na je likita, an ce Madam Zakiyya ta tafi allurar yara wajen Icirnawa, sai wani mako. Na tsaya bakin ƙofa kamar wadda aka aika ta manta saƙo.

Na ce masa mu tafi Dungu wajen Innata mu kwana biyu. Ya ce shi ba ya gudun ubansa.

Bushra ba ta san komai ba, tana ta cin ƙafarta. Yaran Yaya Hashimu ma ƙaramar ba ta san komai ba lokacin. Da safe aka yi masa ƙaho, da azahar rai ya fita.

Kai. Tuwo zai ƙone.

Juma'a, da hantsi

Na yi! Wayyo Allah, na yi! Bari in sha ruwa.

Baba ya shigo rana na fitowa, zabira a kafaɗa. Ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya jera ƙahoni, ya fito da yanar tautau ta toshe bakin ƙaho, ya fara wasa aska, shap, shap. Iya ta kawo ƙoƙon ruwa. Baban Bushra ya cire riga ya zauna ya ba da baya, ya sunkuyar da kai kamar ragon layya. Ni ina bakin murhu, Bushra na goye.

Ban shirya ba. Wallahi ban kwana da shi ba. Na ga dai bayan nan a buɗe, sai na ji ƙafata ta tafi. Na kwance goyo, na ɗora masa Bushra a baya, na yafa zanen na zagayo na ɗaure a ƙirjinsa tamau, har da majanyi. Namiji da gemu, goye da 'ya, a tsakar gidan Sarkin Aska.

Iya ta ce, "La'ilaha illallahu!" Ƙoƙon ya faɗi.

Baban Bushra ya ce, "Ke! Kin haukace?" Amma bai kwance ba. Na lura bai kwance ba.

Ita kuwa Bushra ta ga kakanta, ta washe baki, miyau na zuba, tana miƙa hannu wajen gemunsa. Kullum dama wasansu ke nan, yana ce mata amaryata, ta ƙi yi masa tuwo, zai sake ta.

Ba zan iya kallon Baba ba. Sai na durƙusa na kalli Bushra. Na ce, "Bushra, ki gaya wa angonki, dokta ya gaishe shi, ya ce Allah ya ja da ransa. Ki ce masa dokta ya roƙi aron fatar nan zuwa randebu, babanki ne ya ji nauyin faɗa. Ki ce masa analis ɗin ba ya bambanta zafin gyambo da zafin zuciya, in aka ƙara tsaga sai ya ƙara hawa, in ya hau a ƙara tsaga, har yaushe? Ki ce masa ƙwayar da yake sha ita ta hana yatsa tsayawa, ba yawan jini ba ne. Ki ce masa ke ƙarama ce, ba ki ma iya cewa Baba ba tukuna."

Nan muryar ta ƙare.

Baba ya daɗe da aska a hannu. Sannan ya ce, "Amarya, uwarki ta iya aike." Ya gyara zama. "Ki tambaye ta, in na bari, ranar ta zo, aka auna aka ga bai sauka ba fa?"

Na ce, "Bushra, ki ce masa in bai sauka ba, ni zan riƙe ƙoƙon."

Ya ce, "Ki ce mata da ƙafata za ni. Ba na son a kawo mini rabin magana kuma." Ya harari ɗansa. Ya naɗe ƙahoninsa ɗaya bayan ɗaya, ya mai da aska kube. Da zai fita ya ja kumatun Bushra ya ce, "Kin ci amanata, kin koma bayan wani." Bai yi dariya ba. Amma ya fita.

Ta yi masa fitsari a baya. Ban taɓa jin daɗin fitsarin yaro irin na yau ba.

Juma'a, bayan sallah

Sai yanzu na tuna abin da na yi alkawari. Ni zan riƙe ƙoƙon. In bai sauka ba fa?

Lahadi, da yamma

Iya ba ta amsa gaisuwata. Amma na tarar an ajiye mini kuka da daddawa a bakin ɗaki, kuma ba wanda ke da irin daddawar nan sai ita.

Labari ya fita gari. Masu kabu-kabu, 'yan babur na tasha, in sun gan shi sai su ce, "Illa, ina goyon?" Yana dawowa yana huci. Na ce gara su yi ta faɗa.

Talata, da azahar

Na kama shi bayan rumbu da sigari. Na ce dokta ya ce ita ce babbar mai hura wa jijiyar wuta. Ya ce rabi ne kawai. Na ce to bari in ɗauko majanyi, a rumfa zan ɗaura maka Bushra wannan karon, ranar kasuwa. Ya taka ta da takalmi. Ya ce, "Da na san haka kike da ban je Dungu ba." Na ce ai ka je.

Ni ce na faɗi haka? Ni Batulu?

Alhamis, da safe

Ya taso da ya yi sauri zuwa masallaci. Ƙarƙashin harshe. Ya lafa. Baba yana gani daga zaure, ya dai kama bakin zabira ya saki.

Asabar, da la'asar

Ɓawon ƙirji ya faɗi. Fata sabuwa, ja-ja, ba ruwa, ba wari. Na sa hanci na shinshina har ya ture ni.

Litinin, da hantsi

Lafiya lau.

Laraba, da hantsi

Lafiya lau. Ni ce dai ba na iya cin abinci. Gobe ne.

Alhamis, bayan la'asar, a tashar Damagaram

Muna jiran mota ta cika. Na matso bayan mai shayi don kar su ji.

Baba ya zo da babbar riga da rawani, da zabirarsa a kafaɗa, har cikin lopital, babban asibiti. Mai gadi ya ce tsoho ba a shiga da wuƙa, Baba ya ce aska ce, kuma ta girmi ubanka. Aka bar shi.

An ɗebi jini, muka yi zaman bedi. Da aka kira mu Dokta Mustafa ya miƙe ya gaida Baba da hannu biyu, ya ce na gode da aro, Sarki. Baba ya ce, "Ba ni za ka gode wa ba. Faɗi."

Dokta ya ɗaga hannu sama da kai ya ce da nan yake. Sai ya sauke, ya sauke, ya sauke, har wajen gwiwa. Ya ce yau nan yake.

Ya sauka! Ya sauka! Na danne bakina da mayafi.

Ya ce amma bai kai ƙasa ba, kuma yanzu da fata ta warke, ragowar nan ita yake zargi daga jijiyoyin zuciya take. Ya ce shi ya sa yake son ido ya gani, jini kaɗai ba ya isa. Aka kwantar da shi ta gefen hagu, aka kashe fitila, aka shafa masa wani abu kamar koko mai sanyi, daidai kan tabon. Dokta ya ɗora wani abu kamar guntun taɓarya, ya danna.

Sai ga ta a tele. Baƙi da toka-toka, tana buɗewa tana rufewa, tana buɗewa tana rufewa. Wasu 'yan fatu a tsakiya suna tafi. Ya murɗa wani abu sai muka ji ta, fuu-tap, fuu-tap. Zuciyar mutumin da nake kwana kusa da shi, ban taɓa sanin haka take aiki ba hutu ba. Na ji kunya kamar na leƙa abin da bai kamata ba, kuma na kasa ɗauke ido.

Baba ya matso har rawaninsa na taɓa gilashin. Dokta ya sa yatsa a gefe guda ya ce, "Sarki, dubi nan, ka dubi nan." Baba ya duba. Ya ce, "Wannan gefen rago ne." Dokta ya ce to shi ne, jini ba ya isar masa, hanyar da ke kai masa ta ƙuntata. Naman bai mutu ba, yunwa yake ji. In aka buɗe hanyar yana iya farfaɗowa. A Yamai ake hoton jijiyar kanta, a can ake buɗewa.

Baba ya ce, "Daga fata zuwa wurin, nawa ne?"

Dokta ya gwada masa da yatsu, ya ce kuma ƙashi ya tare.

Baba ya dubi yatsun. Ya dubi zabirarsa. Ya ce, "Ƙaho ba ya kai nan."

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yana bin gida? Wa da ƙane?" Dokta ya ce yana bi. Ya tambaya ko akwai wani. Baba ya ce, "Akwai." Sai ya gyara, "An yi."

Ya fita waje. Da muka fito mun same shi ya ba bango fuska yana gyara rawani, ya daɗe yana gyarawa.

An kira mu, mota ta cika.

Asabar, da yamma

Wanzamai sun cika zaure, na Kance, na Dungu, na Icirnawa, kowa da abin da ya kawo. Baba ne ya aika musu. Ya ce shi zai kai ɗansa Yamai da kansa. Ni an ce in zauna saboda Bushra, hanya da nisa. Na ɗaure ƙwayoyin a ƙulli dabam-dabam, na safe da jan zare, na yamma da baƙi. Na ba Iya ta ba Baba.

Iya ta ce, "Kai masa da kanki mana, ke da ba ki tsoron kowa." Ta amsa gaisuwata yau.

Litinin, da asuba ta wuce

Sun tafi.

Talata

Ba labari.

Laraba, da azahar

Sun ga dokta. An sake analis. Gobe za a shiga da shi. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Iya ta ce zan kai ga ruwa.

Alhamis, da la'asar

Salula ta yi ƙara ina wanke-wanke, lambarsa ce, na san ta da hoton Bushra. Na ɗauka na ce, "Baban Bushra?"

Aka ce, "Batulu."

Baba ne. Sunana. Da bakinsa. Na durƙusa a cikin ruwan wanke-wanke, kamar yana gani na.

Ya ce, "Ki saurara, ke za ki gane." Ya ce ta wuyan hannu suka shiga, 'yar huda kamar cizon sauro, suka zura waya siririya har zuciya, yana farke yana jinsu. An nuna masa hoton daga baya. Ya ce jijiyoyin kamar saiwar gawo, guda ta zo ta shaƙe kamar an ɗaure ta da zare. Suka sa wani ɗan ƙarfe kamar zobe suka buɗe. A hoto na biyu, ya ce, sai ga jini ya wuce, saiwar ta cika har ƙarshe. Ya ce, "Aiki ne, Batulu. Ni na san aiki in na gan shi. Ga shi nan yana neman fura."

Ina ta cewa na'am, na'am. Iya ta fizge salular tana ta alo alo a juye.

Na yi guɗa. Ban taɓa yi ba, ban ma san na iya ba. Maƙwabta suka shigo suna tambaya wa ya haihu.

Lahadi, da yamma

Sun dawo. Ya rame, ya yi fari, ga 'yar pansima a wuyan hannu. Daga tasha da ƙafa ya taho, ya ƙi hawa kabu-kabu. An ce mai tsinka jinin yanzu biyu ne, kuma ba fashi ko na rana guda, in ba haka ba zoben ya toshe. An ce a riƙa komawa Damagaram ana auna jini ana duba gefen nan. Ba a ce an gama ba. Na ji. Zan iya.

Juma'a, da hantsi

Gashinsa ya taru tun kafin tafiya, har ya fara kama da na mahaukacin tasha. Yau ya ce ba zai shiga masallaci haka ba. Baba ya shigo da zabira, ya shimfiɗa buzu, ya zaunar da shi. Ina tankaɗe a bakin ɗaki, na ajiye rariya.

Baba ya zaro aska, ya gwada ta a farce. Sai ya tsaya. Ya juyo.

"Batulu, an yarda?"

Iya ta saki baki. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ai hannunka ba ya kuskure. Amma shi yana iya atishawa."

Ya ce, "To da me?"

Na shiga na ɗauko almakashin da nake yanke wa Bushra farce. Na miƙa da hannu biyu.

Ya juya shi, ya juya shi. Ya ce shekarunsa duka bai taɓa riƙe abin teloli ba. Yatsunsa ma da ƙyar suka shiga. Ya fara, ƙyas, ƙyas, yana tsaki, yana zagin almakashin, yana zagin wanda ya ƙera shi. Nan tudu, nan kwari, bayan kunne kamar ɓera ya ci. Baban Bushra ya shafa ya ce, "Baba, haka zan fita? Ɗan Sarkin Aska?" Baba ya ce, "Sa hula, ka rufe mini baki." Iya tana dariya har da riƙe ciki, tun da na zo gidan nan ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba.

Sun tafi masallaci tare, yana gaba Baba na baya yana ce masa rage sauri.

Na share gashin yanzu. Na duba buzun, na duba ƙasa, na duba wuyan rigar da ya cire. Ko ɗigo guda babu.